Highclere: tsohon gida ake karewa ko rigar da Barry ya sa masa?

Abu_Hanan:
Salamu alaikum jama'a. Akwai abin da ke ɗaure min kai game da gidan nan Highclere na Ingila, wanda aka ɗauki fim ɗin talabijin na Downton Abbey a ciki. Duk wanda ya ga hotonsa sai ya ce kai, wannan tsohon gini ne na sarakunan da. Alhali hasumiyar nan da zankwayen da dutsen mai ruwan zuma duk daga baya aka yi su. Gidan da ke wurin wani murabba'in gida ne mara hayaniya, sai mai shi Lod Carnarvon na 3 ya ga bai yi masa ba, ya nemo mai zanen gine-gine Charles Barry a 1838 ya ce a sauya masa kama. Barry bai rushe ba, riga ya ɗinka wa gidan da dutsen yankin garin Bath ya zura masa ya kafa hasumiya a kai. Yau gidan yana aji na ɗaya a jerin gine-ginen da doka ta kare, ko taga ba ka isa ka canza ba sai da izini. To da a ce dokar nan tana nan a zamanin Barry ai da ba a bar shi ya taɓa gidan ba ko? Kenan doka tana gadin aikin da ita kanta da ta hana a yi. Me ake karewa, tsohon gidan ko rigar?

Sarkin_Tsokana:
Wa alaikumus salam. Ni tambayata ɗaya ce tak, ɗaki sama da 200 wa ke sharewa 😂

Malam_Tarihi:
Malam Abu Hanan tambayarka da ma'ana amma daga tsakiya ka ɗauko labarin. Gidan da Barry ya tarar ɗin ma ai ba shi ne na fari ba. Filin nan ya yi ɗaruruwan shekaru a hannun manyan limaman cocin Winchester, har ɗaya daga cikinsu William na Wykeham ya yi gini a wurin a ƙarni na 14. Bayan nan aka yi gidan jan bulo. A 1679 Sir Robert Sawyer, wanda ya riƙe muƙamin babban lauyan gwamnati, ya sayi wurin, 'yarsa ta auri Lod Pembroke na 8, ta nan gidan ya shiga hannun zuriyar Herbert kuma har gobe yana hannunsu. Su kuma suka yi ta ƙari da ragi har ya zama murabba'in nan da kake faɗa. Sarautar Carnarvon ɗin ma sai a 1793 Sarki George na 3 ya ba su. To in na asali kake nema a kan wanne za ka tsaya, na limamai, na Sawyer ko na zamanin George? Kowane magaji ya zo sai ya taɓa.

Abu_Hanan:
Allah ya ƙara sani Malam, amma ai hujja ka ƙara min. Kowa ya zo ya taɓa, wannan ya taɓa wancan ya taɓa, sai da aka zo zamaninmu aka ce kowa ya cire hannu. Me ya sa aikin Barry ne ya zama tasha ta ƙarshe?

Akitek_Hauwa:
Yallabai ba a ce kowa ya cire hannu ba fa, nan ne mutane ke kuskuren fahimtar dokar. Abin da ta ce shi ne kafin ka taɓa abin da zai sauya kamannin ginin, ciki ko waje, sai ka nemi izini a ƙaramar hukuma, in aji na ɗaya ne kuma a ji ta bakin Historic England, hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Ingila. Ana bayarwa kuma ana hanawa. Ana sa wutar lantarki, ana sa famfo, ana yin banɗaki, sai dai za a tambaye ka ta ina bututun zai bi kuma me zai fasa a hanya. In ka yi gaban kanka laifi ne na kotu, tara ba iyaka ko ɗauri har shekara 2. Ajin uku ne, na ɗaya, na biyu mai tauraro, sai na biyu zalla. Na ɗaya bai wuce kashi 2.5 cikin ɗari ba, sama da kashi 90 duk na biyu ne.
Sannan batun tasha ta ƙarshe, ni a ganina ba don tsufa aka ɗaga Highclere ba. Gidaje irin murabba'in da ke ciki suna nan birjik a Ingila. Aikin Barry ɗin shi ne abin kallon. Mutumin nan shi ya ci gasar zanen majalisar dokoki ta Landan bayan gobarar 1834, kuma a shekarun da ake ginin majalisar yake wannan aikin, shi ya sa in ka ajiye hotunan biyu kusa da juna za ka ga hannu ɗaya ne. Kenan amsarka rigar ake karewa, gidan cikin ya ci albarkacinta.

BabanGida77:
Gsky ni ban ga abin yabo ba. Gida sunansa fada mai ganuwa, ba a taɓa harba ko kibiya ɗaya daga cikinsa ba, hasumiyar ba ta gadin komai, ado ne kawai na masu kuɗi da ke son a ce kakanninsu jarumai ne. Kwaikwayon ginin zamanin Elizabeth ta 1 da James ne aka yi shekara 250 bayan an wuce wurin. Jabu ne da ya tsufa ya zama abin tarihi.

Zee_Zaria:
Haba BabanGida jabu kuma? Wlh ni gidan nan ko a hoto na gan shi sai raina ya yi fari. Ka ga itatuwan nan manya-manya da ke kewaye da shi?

Malam_Tarihi:
Zee itatuwan ai sun girmi fuskar gidan. Itacen sida ne na Labanan, tun ƙarni na 18 aka shuka su. Kuma dajin da kike gani kamar haka Allah ya yi shi, shi ma zane ne, mai tsara lambuna Capability Brown ya tsara shi a shekarun 1770, har ƙauyen da ke maƙwabtaka da gidan sai da aka tashe shi aka matsar da shi gaba don kada ya ɓata wa mai gida kallo. Wannan ne ma abin da ya kamata BabanGida ya yi fushi a kai ba hasumiya ba.

BabanGida77:
Au, har tashin talakawa aka yi? To ka gani. Na ƙara tsanar gidan.

Maman_Ilham:
Ni na shiga gidan, ba shi da nisa da Newbury, muka kwashi yara muka je lokacin hutu. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne daga ciki bai kai girman da yake yi a waje ba, ɗakunan ƙasa duk zagaye suke da babban falon tsakiya, ka fita wannan ka shiga wancan sai ka ga ka dawo inda ka fara. Falon nan kuwa sai ka ɗaga kai wuyanka ya ƙage, ba bene a kansa, haske ta sama yake saukowa, ga bakunan dutse an sassaƙa, ga baranda ta zagaye sama inda ƙofofin ɗakunan kwana suke kana leƙo mutanen ƙasa. Bangon kuma ba fenti ba ne, fata ce aka lulluɓa, an buga mata zane ya taso an shafa ruwan zinare, ta yi duhu don tsufa, in ka matsa kusa za ka ga inda aka haɗa falle da falle. Mai yi mana bayani ta ce daga Ƙurɗuba ta Andalus Lod na 3 ya kawo ta kuma fatar tun ƙarni na 17 take. Ilham ta miƙa hannu za ta shafa na buge hannun kafin a yi mana magana. Laburaren ma ya burge ni, littafi sama da 5,000 ga jajayen kujeru, a nan na fi daɗewa.
Kuma masu tambayar kicin ɗin fim, babu shi a gidan fa, a situdiyon Ealing a Landan aka ɗauki duk ɓangaren masu aiki.

Akitek_Hauwa:
Anti Maman Ilham kin taɓo inda nake so. Falon nan da ya burge ki ba aikin Barry ba ne ma. Lod na 3 ya rasu a 1849 an gama fuskoki uku na waje, ciki da ɓangaren masu aiki ba a gama ba, Barry shi ma ya rasu a 1860. Lod na 4 ne ya ɗauko Thomas Allom, wanda ya taɓa aiki da Barry, ya yi falon da matattakalar katako, ba a kammala ba sai 1878. Shi ya sa waje salo ɗaya ne ciki wani daban, falon ya fi kama da coci. Malam Abu Hanan ka ga rigar ma tela biyu ne suka ɗinka.

DanZongo_Kumasi:
Ku tsaya, Lod na 4 ɗin nan da kuke ambata kamar wani mai son ado kawai, mu nan ya shafe mu fa. Shi ne sakataren ƙasashen mulkin mallaka daga 1874 zuwa 1878, a zamaninsa ne bayan yaƙin Asante aka kafa mulkin mallakar Gold Coast a 1874 har aka haɗa Legas a ƙarƙashinta. Shi ne kuma ya gabatar da dokar da ta kafa Kanada a 1867 a zuwansa na farko ofishin. To mutum yana zaɓen katakon matattakala yana kuma yanka ƙasashen mutane a takarda. Ni duk gidan Bature irin wannan tambayata ta farko ina aka samo kuɗin.

BabanGida77:
Kuɗin bayi mana, sai an tambaya?

Malam_Tarihi:
A'a ɗan'uwa a riƙa bambancewa. Wanda ya yi ƙaurin suna da wannan shi ne Harewood a Yorkshire, gidan zuriyar Lascelles, dukiyarsu daga gonakin rake da bayi na Barbados da maƙwabtanta ta fito kuma su kansu ba sa musu. Abin sha'awa shi ma Barry ya taɓa shi a shekarun 1840, ya cire shirayin ginshiƙai na fuskar kudu ya ƙara hawa. A Highclere kuɗin da kowa ya sani na aure ne. Lod na 5 ya auri Almina a 1895, attajiri Alfred de Rothschild ya bi ta da fam 500,000, kuɗin da ya riƙe gidan kenan, da shi ta mayar da gidan asibitin sojoji a 1914, da shi kuma mijin ya yi ta haƙar kaburburan fir'aunoni a Masar.

Sarkin_Tsokana:
Yawwa an zo wurin. Ba shi ne wanda fir'auna ya kama ba? Wlh ko kyauta aka ba ni gidan nan ba na kwana, ɗaki 50 a rufe ga kayan kabari a ƙasa, ai unguwa guda ce ta mutanen ɓoye.

Dattijo_Gwale:
Yaro ka daina yaɗa tatsuniya. Sauro ne ya cije shi a kumatu, ya zo aski reza ta yanke wurin, ya rure, ciwon huhu ya biyo baya, ya cika a Alƙahira a watan Afrilu 1923. Dama can ba lafiyayye ba ne tun haɗarin mota da ya yi. Howard Carter, mai yi masa aikin haƙar, da ya buɗe kabarin fir'auna Tutankhamun da hannunsa a 1922 ai sai 1939 ya mutu. Kwana ne ya ƙare.

Sarkin_Tsokana:
Allah ya huci zuciyarka Baba, na yi shiru. Amma dai ba na kwana.

Maman_Ilham:
Kayan Masar ɗin suna ɗakunan ƙarƙashin ƙasa an yi musu wurin kallo. Yawancin tarin an sayar wa gidan tarihin Metropolitan na New York tun 1926, wanda ya rage kuma an mance da shi ne a wasu 'yan kabad da ke cikin kaurin bango tsakanin ƙofofin ɗaki biyu, sai a ƙarshen shekarun 1980 wani tsohon ma'aikacin gidan ya tuna musu. An nuna mana wurin, bangon ya yi kaurin da za a ɓoye kabad a ciki ba wanda ya lura shekara 60.

DanZongo_Kumasi:
To a mayar wa Misrawa kayansu mana.

Abu_Hanan:
Jama'a mun tafi Masar mun bar gini. Hajiya Hauwa na ji bayaninki amma har yanzu ba ki amsa ni ba. A ce yau Lod na 8 ya samo wani gwani wanda ya fi Barry, ya ce zai ɗora sabuwar fuska ta gilas da ƙarfe, za a bar shi? Ba za a bari ba. Kenan an rufe ƙofar da Barry ya shigo ta ciki. Jikokinsu ba za su ga komai na wannan zamanin a jikin gidan ba sai faci.

Akitek_Hauwa:
Ba za a bari ba kam, wannan ba musu. Amma ka duba abin da ya jawo aka rufe ƙofar. Tun Barry yana da rai wasu suka fara ƙorafin cewa masu gyara sun fi masu rushewa ɓarna, William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877, ka ga tun ba a gama cikin Highclere ba kenan. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo bama-bamai suka ci abin da suka ci, aka fara rubuta jerin a ƙarƙashin dokokin 1944 da 1947. Duk da haka ba ta hana ba, harajin gado ya yi tsanani, masu aiki sun watse, magada suka riƙa sayar da kayan ciki suna rushe gidan, a 1955 an ƙiyasta duk kwana 5 sai an rushe ɗaya. Barry kansa bai tsira ba, Trentham da ya yi wa Duke na Sutherland, ƙaton gida, ƙazantar garuruwan masu tukwane ta cika kogin Trent da ke wucewa ta wurin wari ya kori masu gidan, wajen 1912 aka rushe yawancinsa. To mutanen da suka ga wannan da idonsu ba za ka ce musu a bar kowane magaji ya yi yadda ya so ba, don a kowane Barry ɗaya akwai magada goma da katafila za su kira.

Injiniya_Bala:
Ku kuna ta salo da tarihi, ni rufin nake kallo. Duk kyan nan da ake yabo shi ne ciwon gidan. Barry ya zagaye sama da katangar ado da zankwaye don a ɓoye rufi, ma'ana ruwan sama ba ya zuba waje kai tsaye, sai ya taru a kwatocin darma a bayan katangar ya bi bututu. Ganye ya toshe ko darma ta tsage, ruwan ba shi da wurin zuwa sai cikin bango, kuma ba mai gani sai silin ya fara zubowa, kafin nan katako ya gama ruɓewa. Ga dutsen Bath da laushi, daɗin sassaƙa gare shi amma yana shan ruwa, sanyi ya zo ruwan ya daskare ya kumbura fuskar dutsen ta ɓare. Kuma ba a yarda ka cusa siminti, da gaskiyarsu, siminti ya fi dutsen tauri kuma ba ya barin danshi ya fita, sai dutsen ya mutu simintin na nan daram. Dole kwaɓin farar ƙasa, dole magini wanda ya iya, su kuma ba su da yawa ga tsada. A 2009 an ruwaito ɗaki sama da 50 ba sa zaunuwa, gyaran gaggawa na gidan kansa fam miliyan 1.8, in an haɗa da sauran gine-ginen filin kusan miliyan 12. Fim ɗin da aka fara a 2010 da 'yan kallo da ya jawo su suka kawo sauƙi. Doka ta ce kar ka taɓa amma ba ita ke biyan birkila ba.

Nura_UK:
Injiniya Allah ya biya ka, ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni ba a fada nake ba, wani ɗan gidan haya ne a ƙauye kusa da inda nake aiki, aji na biyu, tagoginsa na katako ne masu gilas falle ɗaya irin wanda ake turawa sama. Da hunturu in ka tashi asuba ruwa na bin gilas ta ciki har ya taru a dakalin tagar, labule na motsi taga a rufe. Mai gidan ya nemi izinin sa masu gilas biyu aka hana shi, aka ce sai dai ya ƙara wani gilas ta ciki kada a taɓa na waje, shi kuma ya ce ba yanzu ba. Ni ke biyan kuɗin gas. To masu cewa a kare tarihi su zo su kwana ɗaya a watan Janairu.

Zee_Zaria:
Ayya sannu Yaya Nura, ka tashi mana

Nura_UK:
Zee haya a garin nan ba a magana, ina lallaɓawa dai.

Injiniya_Bala:
Wani abin haushin ma gyaran tsohon gini ana biya masa harajin VAT kashi 20, sabon gida daga tushe kuma ba a biya. Rangwamen da ake yi wa sauye-sauyen da aka ba izini an soke shi a 2012. Ka ga ana tura mutum ya bar tsoho ya lalace kenan.

Malam_Tarihi:
Abu Hanan ga wani abin da zai ƙara rikita maka lissafi. Su kansu masu karewar ba su daidaita ba. Ƙungiyar National Trust mai riƙon gidajen tarihi, gidaje biyu suka ƙone mata. Uppark ya ƙone a 1989, suka tsince ɓaraguzai suka sake ƙera komai yadda yake kafin gobara suka buɗe a 1995, masu suka suka ce jabu ne. Clandon Park ya ƙone a 2015, da farko aka ce za a maido da manyan ɗakunan, a 2022 suka sauya suka ce yawancinsa za a bar shi yadda wuta ta bar shi a sa rufi da hanyoyin kallo, wasu masu sukar suka ce an ci amanar gidan. Ƙungiya ɗaya, amsa biyu.

BabanGida77:
Na Clandon ya fi min gaskiya, aƙalla ba a yi wa kowa ƙarya ba.

Akitek_Hauwa:
Gaskiyar me BabanGida, bulo ƙonanne? Masu aikin fulasta da sassaƙa da Injiniya ke cewa sun yi ƙaranci ai a irin aikin Uppark ake horar da su. In ba a sake ƙerawa waye zai iya gyara silin Highclere in ya zubo?

Dattijo_Gwale:
'Yata kin yi magana. Sana'ar da ba a yi mutuwa take.

Abu_Hanan:
Na ji na kowa amma ni dai ina nan kan bakata, da ofishin izini na nan a 1842 da takardar Barry ta dawo da jan biro.

Injiniya_Bala:
Da ta dawo da jan biro da rufin bai yi yoyo haka ba 😄 Malam Nura ka ɗauko min hoton tagar ta ciki da ta waje, musamman ƙasan firam ɗin inda ruwan ke taruwa. Akwai gilas ɗin roba da ake mannawa da maganaɗisu ta ciki a cire shi da bazara, ba ya taɓa katakon waje, amma ka fara tambayar mai gidan kafin ka saya.

Nura_UK:
Toh Injiniya, ina dutin dare yau, in na tashi gobe zan turo in sha Allah. Ƙasan firam ɗin ma ya fara laushi in ka danna da yatsa.